Daddawar Yaya Asabe

Na sha wuya a Katar, kuma ba irin wuyar da mutum ke dawowa yana ba da labarinta yana dariya ba. Har yau in na shiga kasuwar Tudun Wada na bi ta layin masu kayan miya, ƙamshin daddawa ya buge ni, sai gabana ya faɗi. Ni da aka yaye ni da miyar kuka.

Sunana Iliyasu, ana ce mini Ilu. Karatuna bai wuce firamare ba. Kafin in tafi, girki nake yi a wata rumfar abinci a Kwangila, inda direbobi ke tsayawa. Wani ɗan kamasho ya ce ana neman kuku a ƙasar Larabawa, na yarda. Muna sauka filin jirgi wani mutum ya bi mu da leda yana karɓar fasfo, ya ƙulle bakin ledar, ban sake ganin nawa ba. Aka zuba mu a mota aka yi ta tafiya. Dogayen gine-ginen da na gani a hoto muka wuce su, muka bar su a baya, har muka isa inda ba komai sai yashi da katanga. Nan ne sansanin leburori. Da gari ya waye aka nuna mini aikina. Kukun da ake nema, ashe mai wanke tukwane ne.

Kicin ɗin na wani kamfani ne da ke dafa wa magina abinci. Tun asuba ake dafa shinkafa da miyar wake irin ta Indiyawa, a zuba a manyan kuloli masu murfi, a loda wa mota, a kai wuraren gini, su ci da rana. Mai kula da mu wani mutum ne da kowa ke ce wa Mudir, wato shugaba. Bai taɓa kiran sunana ba. Nijeriya yake ce mini.

A ɗakinmu gadaje ne hawa biyu. Ni ina sama, a ƙasana wani ɗan Nepal ne mai suna Ramesh, mai ɗaurin rodi, siriri, ya ɗan girme ni. Ba ya jin yarena, ba na jin nasa. Da hannu muke hira da ɗan gutsuren Larabci da Turanci irin na sansani. A can akwai wata kalma da ke bakin kowa: sem-sem, wato duk ɗaya ne. Ramesh zai nuna mini hoton 'ya'yansa, in nuna masa nawa, ya ce sem-sem. Satin farko da zazzaɓi ya kwantar da ni, shi ya ba ni gadonsa na ƙasa ya hau nawa, don kar in faɗo.

Abincin can bai taɓa zama mini a ciki ba. Abin da ya riƙe ni shi ne guzurin yayata, Yaya Asabe, wadda ke yin daddawa a Gyallesu tun ina yaro. Ta ɗaure mini ita cikin leda kan leda, ta cusa a gwangwanin madara, ta haɗa da kuka da yaji. Ran Juma'a in aiki ya lafa, sai in ɗora ƙaramar tukunya a lungun kicin in kaɗa miya, in tuƙa tuwon samo. Doka ta hana shigo da abincin waje, amma kowa na yi, Mudir ma ya sani. Ranar da na fara buɗe gwangwanin a ɗaki, mutane suka toshe hanci suka fita. Ramesh kaɗai ya matso ya shinshina, ya sake shinshinawa, sai na ga idonsa ya kawo ruwa. Ya buga ƙirjinsa ya ce, "Kinema. Mama. Sem-sem." Ashe su ma a garinsu suna da irinta, da waken suya suke yi. Tun ranar, in na yi miya da shi nake yi.

Ranar da abin ya faru, Ramesh ya roƙe ni tun da safe in aika masa da miya wurin aiki. Na kaɗa, na ci nawa da tuwo, na zuba masa saura a 'yar roba na ba direban da ke kai abinci wurin gininsu, wanda ya fi kowane nisa. Bayan la'asar muna goge ƙasa sai muka ga motar leburori ta dawo kafin lokaci. Mutane na saukowa suna amai a jikin taya, wasu ana riƙe da su. Motocin asibiti suka biyo baya. Na duba ban ga Ramesh ba. Aka ce tun daga wurin ginin aka wuce da shi, ba ya gane mutane.

Kafin magariba wani ya gaya wa Mudir zancen robar miya. Ya zo ɗakinmu da masu gadi, ya fasa makullin akwatina, ya ɗauko gwangwanin ya fito da shi tsakar sansani. A gaban kowa ya buɗe. Wanda bai san daddawa ba, in ya ji ta karon farko, na san abin da zai ce. Mutane suka ja baya. Mudir ya ɗaga ta sama, baƙa ƙirin, yana magana da ƙarfi yana nuna ni, yana nuna kicin. Daga baya na gane cewa yake yi a babbar tukunya na zuba ta. Wani da muke sallah sahu ɗaya ya tofa mini yawu a riga. Da 'yan sanda suka zo har daɗi na ji, don da sun ƙara jinkiri ban san abin da taron nan zai yi mini ba.

A ofishinsu aka kawo tafinta, wani Usman, ɗan Sudan. Ya ce kakanninsa Hausawa ne da suka tsaya can a hanyar Makka. Hausarsa irin ta tsofaffi ce, tana tafiya tana tuntuɓe, amma da na ji ya ce, "Sannu ɗan'uwa," sai na saki jiki. Jami'in da ke bincike ya ajiye gwangwanin a kan tebur cikin leda.

Usman ya ce, "Yana tambaya, mene ne wannan?"

Na ce, "Daddawa ce. Kayan miya."

"Kakata tana faɗin sunanta, ban taɓa gani ba. Yaya ake yinta?"

Na ce, "Da kalwa, 'ya'yan ɗorawa. A dafa ta sosai, a surfe, a wanke, a sake dafawa. Sai a zuba a ƙwarya a rufe da ganye, a bar ta 'yan kwanaki ta ruɓe. In ta ruɓe a daka, a mulmula, a shanya."

Usman ya juya wa jami'in da Larabci. Na ga mutumin ya ajiye biro ya dube ni.

"Ya ce, wato ka san ruɓaɓɓiya ce?"

"Ai haka ake yinta. In ba ta ruɓe ba, ba ta zama daddawa ba."

"Kuma ka sani ka ba mutane suka ci?"

"Na ba Ramesh. Shi ya roƙa."

Aka rubuta, aka kamo yatsana aka dangwala. Ni a raina na yi bayani mai kyau.

Ɗakin tsarewa ba datti, amma sanyin na'ura kamar a kashe mutum, ga fitila ba a kashewa. Wani dattijo ɗan Pakistan da ya daɗe a ciki ya ga ina karkarwa, ya yafa mini rabin bargonsa. Bayan 'yan kwanaki aka fito da ni zuwa ofis. Usman na zaune, ba ya son haɗa ido da ni. Ya ce yawancin mutanen sun warke tun washegari, amma Ramesh hantarsa ta taɓu, yana kan na'ura. Ya ce an yi gwaji, an sami ƙwayar cuta a aman marasa lafiya, an kuma sami ƙwayar cuta a daddawata, kuma sunansu ɗaya. Jami'in ya haɗa yatsunsa biyu a gaban fuskata ya ce, "Sem-sem."

Na tambayi Usman, "Yanzu me za a yi mini?"

Ya ce, "In ya tashi, kurkuku ne na wani lokaci sannan a kore ka. In bai tashi ba, ɗan'uwa, maganar rai ce. Ka yi ta addu'a ya tashi."

Abin da ya fi damuna a kwanakin nan ba sanyi ba ne. Na fara yarda da su. Ina zaune sai in ga tsakar gidan Yaya Asabe a idona: tabarma shimfiɗe a ƙasa, daddawa a baje, kaji na zagayawa, tana korarsu da zani. Sai in ce, to ko dai ita ce? Sai in tuna duk gidanmu da ita aka rene mu, ba wanda ta taɓa kwantarwa. Sai kuma in ce, ai na'urar Larabawa ba za ta yi ƙarya ba. Da aka ba ni damar waya, matata na kira na ce aiki ne ya yi yawa. Ta ce Yaya na ta tambaya ta. Na ce a gaishe ta. Ban iya kiranta ba. Ban san da wace murya zan yi mata magana ba.

Wata safiya aka ce ina da baƙi daga hukumar binciken abinci. Na shiga na tarar da wani Balarabe da wata mata baƙar fata, mai tabarau, da ɗan ƙaramin gicciye a wuya. Na zauna na sunkuyar da kai ina jiran Usman.

Sai na ji an ce, "Malam Iliyasu, sannu da haƙuri. Ina gajiya?"

Na ɗago. Matar ce ta yi magana. Hausa ce tsantsa, irin ta gida.

Ta ce, "Kai ɗan ina ne?"

"Zariya. Tudun Wada."

"To ni 'yar Wusasa ce. Sunana Rifkatu. Gwangwaninka hannuna ya biyo. Da na buɗe shi abokan aikina suka watse, ni kuwa na tsaya kamar Inna ce ta shigo ɗakin."

Na ce, "Likita, ki taimake ni don Allah. Ba ni da kowa a ƙasar nan."

Ta ce, "Ni ba likitar mutane ba ce, abinci nake bincika. Kuma bari in gaya maka tun yanzu, kar ka ɗora rai a inda bai kamata ba. Ba zan yi ƙarya don kai ɗan garinmu ne ba. Akwai mutum kwance. In daddawarka ce, zan rubuta daddawarka ce."

Na ce, "Ai an riga an ce ita ce. An ce sunansu ɗaya."

"Ibrahim nawa ka sani a Tudun Wada?"

"Ba su ƙirguwa. A gidanmu ma akwai babba da ƙarami."

"To in aka ce Ibrahim ya yi sata a Hanwa, sai a zo a kama na gidanku?"

"Sai an tambayi ɗan gidan wa ne."

Ta ce, "Shi ne aikina. Gwajin farko suna kawai ya faɗa. Wannan ƙwayar danginta da yawa, a ƙasa suke zama, suna shiga hatsi da kayan miya. Wasu a cikinsu sun gaji yin wani dafi mai sa amai, wani lokaci har ya taɓa hanta. Wasu ba su gaje shi ba, ka ci su ka kwana lafiya. A ido ba ka rabe su. Amma kowace tana ɗauke da abin da ta gada daga uwarta a cikin jikinta, kamar askar fuska. Ka ga Bagobiri ka ga Bakatsine, ko sunansu ɗaya ba za ka ce gidansu ɗaya ba. Muna da na'urar da ke karanta askar nan. Tana ɗaukar lokaci, shi ya sa ba a fara da ita ba."

Na ce, "In ta karanta ta ce gidansu ɗaya fa?"

"To gidansu ɗaya ne."

Ta buɗe takardar da na dangwala wa yatsa, abokin aikinta ya karanta mata wani wuri. Ta cire tabarau.

"Malam, an rubuta nan ka amsa da bakinka cewa ka san abin ruɓaɓɓe ne ka ba mutane."

Na maimaita mata abin da na gaya wa Usman. Ta yi wata 'yar dariya da ba ta daɗi ba.

"Kai da kanka ka ɗaure kanka. Su a wurinsu kalmar abin da ya lalace daban, kalmar abin da aka bari ya yi tsami da gangan, kamar nono, daban. Shi tafintan ta lalacewa ya ɗauka, kuma ban ga laifinsa ba, ita ka ba shi. Zan yi wa jami'in bayani. Amma gyaran kalma ba zai fitar da kai ba. Yanzu gaya mini, kai ka sha miyar?"

"Na sha."

"Da shinkafa?"

"Da tuwo. Ni ba na cin shinkafarsu."

"Miyar da ka aika, mutum nawa za ta isa?"

"'Yar roba ce. Ko a gidan rowa ba za ta wuce mutum huɗu ba."

"Mutane mota guda suka yi amai. Me ya sa ba ka faɗi wannan ba?"

"Ba wanda ya tambaye ni."

Ta ce Mudir ya rantse a babbar tukunya na zuba, kuma ya ce sauran abincin ranar an zubar, an wanke komai. Gwangwanina kaɗai ya miƙa musu. Ta ce irin wannan ƙwayar ba abin da take so kamar dafaffiyar shinkafa da aka bari da ɗumi-ɗumi ta daɗe, kuma in ta riga ta zuba dafinta ko an sake ɗumamawa ba ya mutuwa. Ta tambaye ni yadda shinkafa ke tafiya daga tukunya zuwa bakin mai ci.

Na gaya mata abin da na sani, ba wani abu mai yawa ba. Na ce ranar na ji direba na faɗa an tsayar da shi a ƙofar wurin gini saboda takardar shiga, abinci bai isa hannun mutane ba sai wajen la'asar. Na ce kulolin wurin su Ramesh tsofaffi ne, shuɗɗa, ba su riƙe zafi. Ba a shigo mana da su kicin mu wanke, tun da aka rage ma'aikata direba ke fesa musu ruwa da tiyo a bayan gini. Na ce murfinsu akwai wata roba a zagaye, in ka wuce kusa kana jin tsami.

Ta ce, "Ana cire robar a wanke ƙarƙashinta?"

"Ban taɓa gani ba."

"Kulolin suna ina yanzu?"

"Ni ina nan, Likita. Ina zan sani?"

Ta yi wa abokin aikinta magana da sauri, ya miƙe yana danna waya. Tana tattara takardu ta ce, "In Mudir ya riga ya zubar da su, abin da ya rage mana daddawarka ce da marasa lafiya kawai. Zai iya isa, zai iya kasawa. Ka yi addu'a irin taku, ni ma zan yi irin tamu."

Suka fita, aka mayar da ni.

Jiran nan ya fi na farko ciwo, don yanzu na san akwai amsa tana tafe, ban san kowace ce ba. Duk lokacin da aka taɓa ƙofa sai in miƙe. Na daina cin abinci. Dattijon nan ɗan Pakistan yakan tura mini shayinsa, ya nuna sama da yatsa. Usman ya leƙo sau ɗaya ba don aiki ba, ya kawo mini dabino a leda. Ya ce an gaya masa zancen kalmar. Ya ce, "Ɗan'uwa, abin da ka faɗa na faɗa." Na ce na sani. Na tambaye shi Ramesh. Ya ce yana nan yadda yake. Na yi ta ƙoƙarin tuna fuskar Ramesh ranar da ya shinshina gwangwanin, don in har ni na kashe shi, gara in san da me na kashe shi.

Ranar da Rifkatu ta dawo, jami'in nan da ya haɗa mini yatsu biyu yana zaune. Na dubi fuskarta ban karanta komai ba. Ta ajiye wata takarda a gabana mai zane kamar bishiya a kwance, rassa na fita.

Ta ce, "Mun sami kulolin. Mudir ya riga ya sayi sababbi, ya jefar da tsofaffin a juji bayan sansani. Direban ne ya nuna mana. Da muka ɓanɓare robar murfin, shinkafa ce a ƙasa ta zama kamar ƙullu." Ta ɗora yatsa a wani reshe. "Waɗannan da ke cunkushe wuri ɗaya, na marasa lafiya ne, har da Ramesh. Wannan da ke manne a tsakiyarsu, ta robar murfi ce. Uwa ɗaya uba ɗaya, kuma duk suna da gadon dafin." Ta ja yatsan can gefe, inda wani reshe ya fita shi kaɗai. "Wannan ce taka. Sunan gidan kawai suka haɗa. Ba ta da gadon dafin, ko ta so yi ba za ta iya ba."

Na daɗe ina kallon reshen nan. Ban iya karatun da ke jiki ba, amma nisan na gani. Na juya wajen jami'in na haɗa yatsuna biyu na ce, "Sem-sem?"

Ya girgiza kai. Ya kama yatsun nawa ya raba su.

Na ce, "Likita, Ramesh fa?"

"Jiya aka cire masa na'ura. Ya nemi ruwa. Likitocinsa sun ce hanta na dawowa a hankali, amma ya gama ɗaurin rodi, gida za a mai da shi."

Nan ne na kifa kai a tebur. Ba wanda ya hana ni.

Da na natsu ta ce, "Saura magana ɗaya, kuma ba ta cikin takarda. Wa ya yi daddawar?"

"Yayata."

"A ƙasa take shanya?"

Na gyaɗa kai.

"Na sani, haka Inna ma take yi. Ka gaya mata ta ɗaga ta sama, ta rufe da yadi mai tsabta. Wannan karon marar dafin ce ta shiga. Dangin nan duk a ƙasa suke, babu mai zaɓar wadda za ta faɗo masa."

Na ce zan faɗa. Na tambaye ta ko za a mayar mini da gwangwanina.

Ta ce, "Dokar wurin aikinmu ce, sai da na ƙona shi. Gaskiya na ji zafi. Rabona da miyar kuka ta ƙwarai tun bikin ƙanwata."

Da yamma aka sake ni. A sansani na tarar an rufe kicin an sake buɗewa, an kawo sabon Mudir, tsohon an ce yana amsa tambayoyi. Fasfona dai yana inda yake. Mutane suka riƙa kauce wa idona. Wanda ya tofa mini yawu ya matsa mini wuri a sahu, na tsaya kusa da shi. A ɗaki katifar Ramesh na naɗe, takalmansa na aiki a ƙarƙashin gado. Na hau nawa na sama.

Washegari na yi asuba na jira har rana ta ɗaga sosai, don a Zariya gari bai waye ba tukuna. Sannan na kira Yaya Asabe. Ta fara da faɗa, wai na samu duniya na manta da ita. Na ce ta tsaya ta ji. Na ba ta labari tun daga robar miya. Ba ta katse ni ba, sai salati take yi ƙasa-ƙasa, har na zo inda na yi wa tafinta bayani.

Ta ce, "Tsaya. Ka ce musu me?"

"Na ce a rufe da ganye a bar ta ta ruɓe."

"Ilu, tun ba ka da haƙori kake shan ta. Ka taɓa jin na ce ta ruɓe? Nuna take yi. Abin da ya ruɓe zubarwa ake yi. Ka je ƙasar mutane ka ce yayarka ruɓaɓɓen abu take sayarwa."

Na ce, "Na ji, Yaya. Kuma matar da ta fitar da ni ta ce ki daina shanya a ƙasa."

"Wace ce ita?"

"'Yar Wusasa ce."

"Ta taɓa yin daddawa?"

"Innarta na yi."

Ina jin zakara na cara a bayanta. Can ta ce, "Akwai tsohon teburin nan a zaure. Zan sa a shigo da shi. Shi bawan Allahn da ya kwanta, ka ce ina gaishe shi."

Na kashe waya na nufi kicin. Sababbin kuloli na jere a bayan gini, direba ya jawo tiyo zai fara fesawa. Na karɓi tiyon daga hannunsa na ajiye. Na ɗauko wuƙa, na jawo murfin farko, na ɓanɓare robar, na kai ta wurin ruwan zafi.